Cin bai ƙaru ba, amma teɓa ta fito: daga ina take zuwa?

Mai Shago: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga malamanmu na asibiti, don Allah kar a mayar da ita wasa. Tun da na bar gona na zauna a shago cikina yake ta fitowa. Kayan da na ɗinka da ƙaramar salla duk sun matse ni. Kuma abin da nake ci a da shi nake ci yanzu: koko da ƙosai da safe, da rana abin da aka aiko daga gida, da dare tuwo. Ko loma ban ƙara ba. To daga ina wannan teɓar take zuwa?

Ɗan Acaɓa: Wa alaikumus salam. Alhaji kuɗi ne suka zauna, ka fito mana da zakka kawai 😂

Maman 'Yan Biyu: Hutu ne da kwanciyar hankali. Ka gode wa Allah, ka gode wa uwargida. Wasu da kuɗinsu suke nema ba su samu ba.

Mai Shago: Hajiya, godiya kam muna yi. Amma hutun da zai sa mutum haki don ya ɗauki buhun suga daga bakin ƙofa zuwa cikin shago, ai da sake.

Malamin Asibiti: Wa alaikumus salam. Yaya Mai Shago, amsarka tana cikin tambayarka. Ka ce cin bai canja ba, to aikin fa?

Duk abin da muka ci yana ɗauke da ƙarfi, kuma da kalori ake auna shi. Giram ɗaya na sitaci ko suga, wato abin da ya fi yawa a gero da dawa da masara da shinkafa da rogo, kalori 4 yake bayarwa. Furotin, mai gina tsoka, wanda ake samu a nama da wake da ƙwai, shi ma 4. Mai kuwa, na gyaɗa ne ko manja ko man shanu ko kitsen nama, giram ɗaya kalori 9.

Namijin da yake yini a zaune abin da jikinsa ke ƙonawa bai cika wuce 2,200 zuwa 2,500 a rana ba. Wanda yake yini da fartanya a tsakiyar damina zai iya ƙona 3,000 ko fiye. Kai ka sauko daga wancan zuwa wannan, amma a cikin gida ba a rage maka malmala ba. Rarar da ke tsakani jiki ba ya zubar da ita. In dai mutum lafiyarsa ƙalau, ba ta bin fitsari, ba ta bin bayan gida. Ajiye ta yake yi.

Ɗan Acaɓa: Likita ajiye ta a ina? Ni na ɗauka in ka ci ka zagaya shi ke nan an rabu.

Malamin Asibiti: Abin da ka zagaya ka bari shi ne wanda hanji bai tsotsa ba, kuma ɗan kaɗan ne. Tuwo in ya isa hanji narkewa yake ya koma suga, sugan ya shiga jini. Akwai wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, da ta ji suga ya hau sai ta saki sinadarin insulin. Shi ne yake sa tsoka da sauran jiki su karɓi sugan. Wanda za a yi aiki da shi nan take a ƙona shi, saura a ɗaure shi a hanta da tsoka, ana ce masa gilaikojin. Sai dai wannan ma'ajiyar ƙarama ce: hanta tana ɗaukar kamar giram 100, tsokar jiki gaba ɗaya kamar giram 400. Manomi kullum yana kwashe tasa, kullum da wurin zuba sabo. Mai zaman shago tasa kusan kullum a cike take.

Ma'ajiya ta biyu ita ce kitse, ita kuma ba ta cika. Ƙwayoyin kitse suna nan a ƙarƙashin fata da cikin ciki, kumbura kawai suke yi suna ƙara karɓa. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana riƙe da kalori kusan 7,700. Ka ga in kullum kana barin rarar 250, cikin wata guda ka tasam ma kilo.

Alhaji Mai Raguna: Wannan magana ta Malam ni ba a littafi na san ta ba, a turke na san ta. Ka je Maigatari ranar Alhamis ka sayo rago ramamme wanda ya sha yawo a bayan makiyayi. Ka kawo shi gida ka ɗaure. Dusa, ƙowa, harawa, ruwa. Ba ka ba shi mai, ba ka ba shi nama. Sirrin duka igiyar nan ce, don in ka sake shi yana yawo asarar dusarka kake. Kafin layya ka ga ya cika ya yi gwaɓi, in aka yanka kitse har a kan ƙoda. To ɗan'uwana Mai Shago, ba zagi ba, kai ma turke ka aka yi, benci ne turken.

Ɗan Acaɓa: Alhaji ka gama da shi 😂😂 Saura a kai shi Wudil ranar Juma'a a ji nawa za a taya.

Mai Shago: Allah ya shirye ka yaron nan. Alhaji na ji, kuma ban ji haushi ba.

Ticha: Alhaji ya kawo hujja mai kyau, amma bari in ɗan gyara wani wuri, don kar gobe a ce tuwo ne mai laifi a daina ci. Cikin rago daban da namu. Shi yana da tumbin da ƙananan halittu ke ruɓar da ciyawa da dusa, daga abin da suka fitar jikinsa yake ƙera kitse tun daga tushe. Mu ma hantarmu ta iya juya suga ya koma kitse, amma a yawancin mutane ba ta nan mafi yawan teɓa ke zuwa ba. Juyawar tana da tsada, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin a hanya yake ƙarewa.

Abin da ya fi faruwa shi ne wannan. In ka ci tuwo da miya mai mai, jiki sugan tuwon yake fara ƙonawa, don ba ya son ya taru a jini. Muddin insulin yana sama, ƙona kitse yana ja baya. To man miyar nan, da na ƙosai, da na taliya da manja, ba ya buƙatar wata juyawa, kitse ne tun asali. Sai a wuce da shi ma'ajiya kusan kyauta. Tuwon ya tare wutar, man ya samu wurin kwanciya. Shi ya sa haɗin da ya fi saurin sa ƙiba shi ne gari da mai da suga a wuri guda: fanke, cincin, waina da aka tsoma a mai, biredi da bota da shayi mai kauri.

Malamin Asibiti: Haka ne Malam, ban musa ba. Amma ga mai tambaya lissafin ƙarshe ɗaya ne: in abin da ya shiga ya fi abin da aka ƙona, ko ta wace ƙofa ya shigo, rarar kitse za ta zama. Na faɗi haka ne don na san mutanenmu, yanzu wani zai ce to bari ya daina cin mai ya ninka tuwo.

Ticha: Ai kuwa da ya ninka tuwon hantar za ta tuna ta iya juyawar. Amma ni akwai inda ban gamsu ba tun farko. Yaya Mai Shago ya ce ko loma bai ƙara ba. Loma kam wataƙila. Kurɓa fa?

Ɗan Acaɓa: Yauwa Ticha! Ni ne shaida. Tun da ya haɗa sola ya sa firij, ban taɓa tsayawa a shagon nan da rana ban ga kwalbar lemo a gabansa ba. Ga gyaɗa a leda yana ɗan watsawa. Da la'asar kuma mai shayi ya miƙo kofi.

Mai Shago: To lemo ai ruwa ne, zafi ake yi. Gyaɗa kuma abin taɓa baki ce, wa yake lissafa ta a abinci?

Ticha: Jiki yana lissafa ta. Ƙaramin cokalin shayi na suga giram 4 ne, kalori 16. Ƙaramar kwalbar lemon nan tana iya ɗaukar cokali 8 zuwa 9, ka ce kalori 140 ko 150. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a rana, wato kamar cokali 12 ga babba. Kwalba ɗaya da kofin shayi irin na mai shayinmu, wanda yake zuba suga kamar yana jin haushinsa, ka riga ka wuce. Kuma matsalar abin sha ita ce ba ya tare ciki. Ka sha lemo ƙarfe biyu, da dare tuwonka ba zai ragu ba.

Gyaɗa kuwa kusan rabinta mai ne, ai kun ga abin da mata ke matsewa in suna ƙuli. Giram 100 ta haura kalori 550. Abinci ce mai kyau ƙwarai, amma ba abin watsawa a baki daga safe zuwa yamma ba.

In ka buga lissafin kwalba ɗaya kullum a takarda, shekara za ta ba ka kusan kilo 7. A zahiri ba ya kaiwa haka, don jiki in ya ƙara nauyi abin da yake ƙonawa ma yana ƙaruwa, sai hawan ya rage gudu. Amma hawa dai hawa ne.

Ɗan Fadama: Ni fa tun ɗazu ina karantawa ina mamaki. Ana ta kai wa yake ta kaya? A garin nan akwai gidan da sau ɗaya ake ɗora tukunya. Ana auna masara da gwangwani. Mu muna neman abin da za mu sa a ciki, ku kuna nan kuna lissafin cokalin suga. Wannan ciwon 'yan birni ne, ku bar musu kayansu.

Alhaji Mai Raguna: Gaskiya ɗan'uwa ya faɗi wani abu. Bana an ji jiki.

Anti Nas: Ɗan Fadama, ba wanda zai ƙaryata ka. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Mu da muke auna damtsen yara mun fi kowa sani. Amma ka zo ranar da muke duba masu hawan jini da ciwon suga ka ga layi. Ba daga Kano aka kwaso su ba, iyayenmu ne na nan. Sau da yawa a gida ɗaya za ka ga yaro ya rame, kakarsa kuma gwiwa ta hana ta tashi saboda nauyi.

Kuma abu biyun a haɗe suke. Yaron da ya sha yunwa tun yana ciki ko yana ƙarami, in ya girma ya samu sauƙi ya koma zaman wuri ɗaya, ya fi saurin tara kitse a ciki da kamuwa da ciwon suga. Sannan abinci mai arha da ke cika ciki yanzu mene ne? Taliya da mai da yaji, garin kwaki da suga. Ƙarfi ba gina jiki. Mutum zai iya yin teɓa alhali jininsa bai isa ba.

Ɗan Fadama: To Anti, iyayenmu da kakanninmu fa? Akushi guda suke tashi da shi, su kawo fura da man shanu su ɗora. Wa ya taɓa jin suna lissafi?

Ticha: Ba su yi lissafi ba don rayuwa ta yi musu. Ka tuna yadda garin nan yake. Mace ta tashi da asuba ta yi surfe, ta yi daka, ta yi niƙa a dutse, ta ja guga. Namiji ya taka zuwa gona, ya yi huɗa, ya yi noma ya yi maimai da hannu, ranar kasuwa ya tafi a ƙafa ko a keke. Yau injin niƙa yana bakin layi, ga rijiyar burtsatse, ciyawa maganin feshi ke kashe ta, masussuka inji ne, kuma ko masallacin Juma'a sai a kan babur. Ban ce a koma dutsen niƙa ba, Allah ya kiyaye, iyayenmu mata sun sha wuya. Amma aikin ya ragu, kwanon bai ragu ba, sai ma suga da mai da suka ƙaru a kansa.

Sannan su jikinsu yana da lokacin zuba da lokacin kwashewa. Da kaka a murmure, da damina in hatsi ya ja baya aiki ya yi yawa a zube. Don irin wannan aka halicci ma'ajiyar kitse, rahama ce. Wanda yake zaune a shago shekara zagaye daminarsa ba ta zuwa.

Ɗan Fadama: Ni dai tawa tana zuwa, har da ta rani, don ina gama shinkafa zan shiga albasa.

Malamin Asibiti: Shi ya sa kai ba da kai ake ba, ci abinka. Sai ranar da ka samu yara suka karɓi aikin ka koma gindin bishiya kana ba da umarni, ranar ka tuna da wannan hirar.

Alaramma: Allah ya saka wa malamai da alheri. Abin da kuke faɗa bai saɓa wa abin da muka karanta ba, hadisin kasa ciki uku sananne ne, kashi na abinci, kashi na ruwa, kashi na numfashi. Tambayata ɗaya. Muna ganin mutum biyu a tsangaya, kwano ɗaya, aiki ɗaya, wannan kamar a busa ya faɗi, wancan kuwa jiki sai ƙaruwa. Ashe ba halitta ba ce?

Malamin Asibiti: Allah ya gafarta Malam, akwai halitta a ciki sosai. Gado yana taɓa yawan yunwar da mutum ke ji, da saurin ƙoshinsa, da inda jikinsa ke ajiye kitse. Wani ko a zaune yake ba ya zama, yana motsi yana tashi, yana ƙona abin da ba a gani. Kuma mafi yawan abin da muke ƙonawa, kashi 60 zuwa 70 cikin 100, ba a wurin aiki ba ne, na riƙe rai ne: bugun zuciya, numfashi, ɗumin jiki, aikin hanta da ƙwaƙwalwa. Wannan ya bambanta daga mutum zuwa mutum, mai tsoka ya fi ƙonawa. Saboda haka bai dace a ga mai jiki a ce masa acici ba. Amma gado ba ya ƙera kitse daga iska. Sai an samu rarar tukuna yake nuna halinsa.

Ɗan Fawa: Malam ni tambayata a kan inda kitsen yake zama. A wurin fiɗa muna ganin iri biyu, akwai na bayan fata, akwai wanda yake lulluɓe kayan ciki ya naɗe hanji da ƙoda. Mutum ma haka ne?

Malamin Asibiti: Haka yake, kuma ka taɓo inda ya fi muhimmanci. Na ƙarƙashin fata, irin na cinya da ɗuwawu, bai cika ɓarna ba. Na cikin ciki shi ne mugun. Abin da yake saki kai tsaye hanta yake nufa, hantar ta yi kitse, jiki ya fara ƙin jin maganar insulin. Gaɓar nan ta bayan tumbi ta yi ta ƙara sakin insulin har ta gaji, suga ya tsaya a jini. Ciwon suga irin na manya ke nan. Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ma suna bin wannan hanya. Maza sun fi tara irin wannan, shi ya sa za ka ga mutum hannu siriri ƙafa siririya, ciki kuwa ya yi gaba. Mata kuma bayan sun daina al'ada nasu ma yana komawa can.

Ga gwajin da ba ya buƙatar sikeli. Ka samu igiya ka auna tsawonka daga ƙafa zuwa ka, ka yanke. Ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita wajen saitin cibiya, ba tare da ka shanye ciki ba. In bakin biyu suka haɗu, madalla. In ba su haɗu ba, zagayen cikinka ya wuce rabin tsawonka, sai ka zo a auna maka jini da suga.

Ɗan Acaɓa: Alhaji Mai Raguna a ara wa Mai Shago igiya.

Admin: Ɗan Acaɓa ya isa haka, a bar mutane su ƙaru.

Direban Hadejia: Ni an ce min in riƙa shan ruwan zafi da lemon tsami da sassafe yana narkar da kitse ya fita ta fitsari. Wani kuma ya ce in rufe gilashin mota in yi gumi. Wanne ya fi?

Ticha: Duk biyun babu. Gumi ruwa ne da gishiri, kana shan ruwa ya dawo, kuma a zafin Hadejia ka rufe gilashi sai dai a fito da kai. Lemon tsami iyakarsa ciki, ba ya isa wurin kitse. Kitse ba ya fita sai an ƙona shi, kuma in an ƙona mafi yawansa ta hanci yake fita. A kilo 10 na kitsen da mutum ya rage, kusan kilo 8.4 iskar da muke fitarwa ce a numfashi, sauran ruwa. Amma kar wani ya zauna yana huci, numfashin ba ya ɗauko kitse sai jiki ya buƙaci ƙarfin. Tafiya da sauri ta rabin awa ita ce kamar kwalbar lemo ɗaya. Ka ga barin kwalbar ya fi sauƙi.

Direban Hadejia: To azumi fa? Satin farko sai in ga na zube, bayan salla kuma in fi da.

Malamin Asibiti: Zubewar satin farko yawanci ruwa ce. Kowane giram na gilaikojin yana riƙe da ruwa kamar giram 3, in aka kwashe shi ruwan ya bi shi, in ka ci ya dawo. Abin da zai nuna ko ka rage kitse shi ne jimillar abin da ka ci daga shan ruwa zuwa sahur. In aka jera kunu mai suga, ƙosai, soyayyen dankali, zoɓo mai zaƙi, sannan tuwo bayan asham, da rana kuma barci, to an ci na yini biyu a dare ɗaya.

Maman 'Yan Biyu: Ku maza kun yi ta kanku. Mu fa a wurinmu in mace ta rame cewa ake mijinta ba ya ciyar da ita, ko kishiya ta sa ta a gaba. Amarya in ta yi wata uku ba ta yi ƙiba ba sai dangi su fara tambaya. Mai jego kuwa dole a ɗura mata kunun kanwa da nama. Yanzu duk wannan kuskure ne?

Anti Nas: Yaya, mai jego a bar ta ta ci. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kusan kalori 500 a rana, kuma kitsen da ta tara da ciki dama don nono aka tara shi. Kanwar ce dai a sassauta, tana da gishirin da ke tara ruwa a jiki ya wahalar da zuciya, likitoci a Zariya sun daɗe da gano haka. In mai jego ta kumbura ƙafa, kika danna yatsa ya lotsa bai taso ba, ko tana haki in ta kwanta, wannan ba ƙiba ba ce, a kawo ta da gaggawa.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan matanmu da sha-ka-fashe. Saboda gorin nan na rama, yarinya za ta je kemis ko wurin mai tallan magani a ƙulla mata ƙwayoyi. Ɗaya maganin mura da ƙaiƙayi ne da ke buɗe ciki ya sa barci. Ɗayan, wanda ya fi haɗari, shi ne deksa. Magani ne na gaske, ana ba masu asma da wasu cututtuka bisa ƙa'ida. In aka daɗe ana sha, yana sa yunwa, yana tara ruwa, yana cinye tsokar hannu da ƙafa, ya kwashe kitse ya kai fuska da ciki da doron wuya. Sai a ga kumatu sun cika a ce ta yi kyau. A ciki kuwa suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi, fata ta tsattsage.

Alhaji Mai Raguna: Subhanallahi. Wallahi wasu masu kiwon ma suna ba dabba shi kafin kasuwa. In ka saya ka kai gida kwana kaɗan sai ka ga ta sace.

Maman 'Yan Biyu: Anti kin tayar min da hankali. Akwai yarinya a gidanmu da ake shirin bikinta bayan kaka, na ga fuskarta ta yi fam kwanan nan, kuma na taɓa ganin wasu ƙananan ƙwayoyi a jakarta. Yau ɗin nan zan ƙwace in watsa a masai.

Anti Nas: A'a Yaya, kar ki yi haka. In deksa ce kuma ta yi makonni tana sha, jikinta ya rage yin nasa sinadarin, ya dogara da ƙwayar. In aka yanke rana ɗaya za ta iya yin amai, jiri, jininta ya faɗi ta suma, har a rasa ta. A hankali ake ragewa, kuma ma'aikacin lafiya ne zai tsara yadda za a yi. Kar ki yi mata faɗa a gaban mutane, in ta tsorata ɓoyewa za ta yi. Ki lallaɓa ta ku zo tare da safe kafin layi ya yi tsawo, ku taho da ƙwayoyin da ledarsu ko kwalinsu in akwai, kuma kar ta karya kafin ku zo don mu auna sugan.

Maman 'Yan Biyu: To Anti, in sha Allahu gobe muna tafe. Uwar tata zan fara samu a daren nan.